Harshen da aka doki yara a kansa: me ya haɗa yaren Secwepemc da ikon yanke hukunci?

Akwai wata al'ummar 'yan asali a yammacin Kanada, mai suna Secwepemc, da yawanta ya haura dubu goma, amma waɗanda suka iya yarenta yadda kakanni suka iya ba su kai ɗari biyu ba, kuma galibinsu sun manyanta. Duk da haka shugabanninta sun tsaya kai da fata cewa za su dawo da harshen bakin yara, su kuma dawo da dokarsu ta gado, har kotu da gwamnati da kamfanonin haƙar ma'adinai su yi aiki da ita. To mene ne haɗin yaren da ke neman gushewa da batun wanda ke da ikon faɗa a ji a kan ƙasa, ruwa da 'ya'ya?

Da yawanmu mun fara jin sunan birnin Kamloops na Kanada ne a watan Mayun 2021, lokacin da shugabar al'ummar Tk'emlúps ta Secwepemc, Rosanne Casimir, ta sanar cewa na'urar da ke hango ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun kaburburan yara 215 a harabar wata tsohuwar makarantar kwana ta yaran 'yan asali. Labarin ya zaga duniya, aka yi jimami, aka wuce. Abin da bai zaga ba shi ne aikin da mutanen wannan wuri suka shafe shekaru fiye da arba'in suna yi don gyara ɓarnar da makarantar ta yi wa waɗanda suka fito daga cikinta da rai.

Su wane ne Secwepemc?

Turawa sun kasa furta sunan, sai suka mai da shi Shuswap. Ƙasarsu, wadda suke kira Secwepemcúl'ecw, tana tsakiyar lardin British Columbia, daga yammacin kogin Fraser har zuwa duwatsun Rocky, faɗinta kusan murabba'in kilomita 180,000. A yau sun kasu al'ummomi 17, kowace da shugabanta da ake kira kukpi7. Lambar bakwai ɗin nan ba kuskuren bugu ba ce: a rubutun da wani masanin harshe ɗan ƙasar Holan, Aert Kuipers, ya taimaka aka tsara, tana wakiltar sautin hamza, irin wanda muke yi a tsakiyar "sa'a". Harshen kuwa sunansa Secwepemctsín, daga dangin harsunan Salish.

Mutane ne na kogi da dutse. Da rani su kama kifin salmon su busar, su haƙo saiwoyi, su tsinki 'ya'yan itatuwa, da kaka su yi farauta, da hunturu su shige gidajen da suke haƙawa rabi a cikin ƙasa. Sunan Kamloops ma daga Tk'emlúps ya samo asali, wato mahaɗar koguna.

Abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan: Secwepemc ba su taɓa sayar da ƙasarsu ba, ba su sa hannu a wata yarjejeniyar miƙa ta ba, ba a kuma ci su da yaƙi ba. Duk gardamar da za ta biyo baya daga nan take tasowa.

Yadda aka yanke igiyar da ke tsakanin kaka da jika

Harshe ba ya mutuwa haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. A 1858 aka gano zinariya a kogin Fraser, baƙi suka kwararo. A 1862 cutar agana ta shigo ta share ƙauyuka ɗungurungum, ta tafi da tsofaffin da ke riƙe da tarihin wuraren. Waɗanda suka tsira aka tattara su a ƙananan filaye keɓaɓɓu, makiyayan Turawa suka killace sauran.

Sai doka ta biyo baya. Dokar Indiyawa (sunan da Turawa suka laƙaba wa 'yan asalin ƙasar) ta 1876 ta ba gwamnatin tarayya ikon faɗin wane ne ɗan asali da wanda ba shi ba, ta kuma buɗe ƙofar ɗora tsarin majalisun da jami'in gwamnati ke sa wa ido a kan shugabancin gado. Macen da ta auri wanda ba ɗan asali ba, ita da 'ya'yanta sun fita daga rajista, kuma haka abin ya zauna har 1985. A 1927 aka haramta tara kuɗi don ɗaukar lauya a kan ƙarar ƙasa ba tare da izinin gwamnati ba, haramcin bai faɗi ba sai 1951.

Ba su yi shiru ba. A watan Agustan 1910 shugabannin Secwepemc da na maƙwabtansu Nlaka'pamux da Syilx sun miƙa wa Firaminista Wilfrid Laurier takardar koke a Kamloops, wadda James Teit ya rubuta musu da Ingilishi. Hujjarsu ta mai gida da baƙo ce. Suka ce mun karɓi waɗannan mutane a matsayin baƙi, kakanninmu sun yi niyyar a raba ƙasa da ruwa da katako daidai wa daida a zauna kamar 'yan'uwa, sai ga shi baƙon ya kori mai gida zuwa lungu. Mu da muke cewa baƙo raɓa ne mun san nauyin wannan magana. Laurier ya faɗi zaɓe a 1911, koken ya kwanta a ma'ajiya, amma har yau Secwepemc na karanta shi a tarukansu a matsayin tushen matsayarsu.

Makarantun kwana su ne suka yi mummunan aikin. Ta Kamloops an buɗe ta a 1890, cocin Katolika ya gudanar da ita har 1969, aka rufe ta a 1978, kuma akwai lokacin da ta fi kowace girma a ƙasar, da yara wajen 500. A arewa akwai ta St. Joseph kusa da garin Williams Lake, wadda ta yi aiki har 1981. Can ne aka kai Phyllis Webstad tana 'yar shekara shida a 1973, aka tuɓe mata sabuwar rigar ruwan lemo da kakarta ta saya mata, ba ta sake ganinta ba. Labarinta ne ya haifar da ranar 30 ga Satumba da ake sa riga mai wannan launi a duk faɗin Kanada. A irin waɗannan makarantu, da yara kusan 150,000 suka ratsa a faɗin ƙasar, ana hukunta yaro idan aka ji ya yi yarensa.

Nan ne wurin da ya fi taɓa ni. Dukan bai tsaya a kan yaron da aka doka ba. Ya girma, ya yi aure, ya haihu, sai ya ƙi koya wa 'ya'yansa harshen, saboda ƙauna, don kada su sha abin da ya sha. Cikin zuriya biyu kacal aka wayi gari kaka na magana jika na kallonta. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Kanada, a rahotonta na 2015, ta kira wannan tsari kisan ƙare dangi na al'ada.

Game da kaburburan 2021, gaskiya ta wajaba: na'urar ba ta ganin ƙashi, alamun tonon ƙasa take nunawa, kuma bayan makonni masu binciken sun gyara adadin zuwa wurare 200 da ake zaton kaburbura ne. Wasu sun fake da rashin tono wurin suna ƙaryata komai. Sai dai mutuwar yara a makarantun kwana ba ta rataya a kan na'ura ba, Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta tattara bayanan mutuwar sama da 3,000 daga takardu da shaidu tun kafin wannan sanarwa.

Mece ce "dokar gargajiya" a nan?

Wannan shi ne inda ake yawan kuskure. Idan aka ce dokar gargajiya, sai mutum ya hango rawa da gashin tsuntsu a ka. Abin da Secwepemc ke nufi shi ne amsoshin tambayoyin da kowace shari'a ke amsawa: wa ke da haƙƙin kamun kifi a wannan gaɓa, wa zai riƙi maraya, me za a yi wa wanda ya cuci wani, ta yaya baƙo ke zama ɗan gida, wa za a tuntuɓa kafin a yanke shawara.

Kalmarsu ta doka ita ce stsq'ey', wadda asalinta ke nufin abin da aka rubuta ko aka yi wa alama. A wurinsu rubutun yana kan ƙasar kanta: duwatsu masu suna, zane-zanen jikin dutse, wuraren da wani abu ya faru a zamanin farko. Bayanin alamomin kuma yana cikin labaran da suke kira stsptekwll. Jarumin da yawansu shi ne Sk'elép, wani karen daji mai kama da dila, mai wayo da kwaɗayi da yawan jawo wa kansa wahala. Bahaushe zai ce ai Gizo ne. Kamannin na nan, amma akwai bambanci babba: tatsuniyarmu tana ƙarewa da "ƙurungus", kowa ya san ƙarya ce mai hikima, su kuwa labaransu suna ɗaure da takamaiman wurare da za a iya zuwa a tsaya a kai, kuma suna ɗaukarsu tarihi da hukunci. A wani labarin Sk'elép ya ziyarci dabbobi daban-daban, ya ga yadda kowanne ke samar da abinci, ya koma gida ya kwaikwaya, kowane karo ya ji ciwo. Dattawansu na kawo shi a matsayin gargaɗi ga al'ummar da ta ari tsarin wasu ta yar da nata.

Ga tushen mallaka a wannan doka: ƙasa ta al'umma ce gaba ɗaya, ana samun haƙƙin cin moriyarta ta hanyar dangantaka, wato kw'séltkten. Akwai kuma yecwmín'men, mai kula, wanda aka ɗora wa amanar wata mashigar kifi ko dajin farauta. Ba mai shi ba ne, aikinsa ya faɗi lokacin da za a fara da lokacin da za a tsaya don na gaba su samu. Yanzu sai a gwada fassara wannan kalma zuwa Ingilishin kotu. Idan aka ce "mai mallaka" an yi ƙarya, idan aka ce "mai gadi" an rage masa daraja. Ga amsar tambayarmu ta farko. Dokar na zaune a cikin kalmomin da sunayen wuraren, kuma ranar da mai iya bayyana su na ƙarshe ya rasu, abin da zai rage fassarar wani ce.

Don haka Majalisar Ƙabilun Shuswap, wadda aka kafa a 1980, ta haɗa kai da sashen binciken dokokin 'yan asali na Jami'ar Victoria, ƙarƙashin Farfesa Val Napoleon. Hanyar aikinsu mai sauƙin faɗi ce: a ɗauki labari kamar yadda ɗalibin lauya ke ɗaukar tsohon hukunci, a tambayi mece ce matsalar, wa ya yanke, da wane dalili, sannan a kai abin da aka fitar gaban dattawa su gyara. Da haka aka tattara dokokin ƙasa da albarkatu, daga baya na dangantaka. Jami'ar ta buɗe digirin da ke haɗa dokar Kanada da dokokin 'yan asali a 2018. Ita ma Kotun Ƙolin Kanada, tun a shari'ar Delgamuukw ta 1997, ta yarda cewa tarihin baka hujja ce, kuma a 2014 ta tabbatar wa maƙwabtan Secwepemc, wato Tsilhqot'in, mallakar ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,700.

Pípsell: ranar da labari ya tsaya gaban kamfani

Gani ya kori ji. Kamfanin KGHM Ajax ya nemi buɗe katafaren ramin haƙar tagulla da zinariya a gefen birnin Kamloops, kusa da wani tafki da Turawa ke kira Jacko, Secwepemc kuma ke kiran yankin Pípsell. Al'ummomin Secwepemc biyu, Tk'emlúps da Skeetchestn, suka ƙi tsayawa jiran binciken gwamnati kawai, suka kafa nasu kwamitin da ya ƙunshi wakilan iyalai 13, da dattawa da matasa da shugabanni. Sun saurari masana ruwa da na ƙasa, sun saurari dattawan da suka kawo labarin 'Ya'yan Kifi, wanda ya faru a wannan wuri kuma ya haɗa duniyar ruwa da ta ƙasa da ta sama. A watan Maris na 2017 suka ce ba su amince ba. A Disamba gwamnatin lardi ta ƙi ba da izini, ta tarayya ta bi sahu a 2018.

Kada a zuzuta abin fiye da kima. Majalisar birnin Kamloops ma ta ƙi aikin, mazauna gari na tsoron ƙura da gurɓatar ruwa, wasu kuma sun yi baƙin cikin rasa ɗaruruwan ayyukan da aka yi alkawari. Bugu da ƙari, a 2023 hukumar makamashi ta ƙasa ta bar kamfanin bututun mai na Trans Mountain ya haƙa rami a wani sashe na Pípsell ɗin nan, duk da ƙorafin masu wurin. A ganina darajar abin da ya faru a 2017 tana cikin yadda aka yi shi: iyalai sun zauna sun yanke hukunci bisa dokarsu, da tsari da hujja a rubuce, har ya zama dole a karanta.

Wa ke da iko da yaro?

Idan akwai fagen da dokar Secwepemc ta riga ta kowa shiga aiki, to batun yara ne. Bayan makarantun kwana sun fara ja baya, ma'aikatan jin daɗin jama'a suka gaje su: daga shekarun 1960 aka riƙa kwashe yaran 'yan asali ana ba iyalan Turawa riƙo. Al'ummar Splatsin ta Secwepemc ta rasa yara masu yawa ta haka, cikinsu har da Wayne Christian, wanda ya dawo ya zama shugabanta yana matashi. A 1980 Splatsin ta kafa dokar kanta ta kula da yara, aka rubuta ta da Secwepemctsín da Ingilishi, sannan a watan Oktoba suka yi ayarin motoci zuwa Vancouver, har ƙofar gidan ministar da abin ya shafa, Grace McCarthy. Aka cimma yarjejeniya lardin ya mutunta dokar.

Sai bayan kusan shekara arba'in Kanada ta yi dokar da ta amince wa dukkan 'yan asali da wannan iko, a 2019, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2024. A 2023 Splatsin ta zama ta farko a lardin da ta sa hannu a yarjejeniyar aiwatarwa da gwamnatin tarayya da ta lardi. Ma'anar wannan ga uwar da rayuwa ta yi wa tsanani ita ce: kafin a kai ɗanta hannun bare, sai an nemi kaka, gwaggo, kawu, kuma masu neman sun san su waye.

Su wa ke jan ragamar?

Ana yawan ambaton manyan sunaye, kuma sun cancanta. George Manuel na al'ummar Neskonlith ta Secwepemc ya jagoranci ƙungiyar 'yan asalin Kanada a shekarun 1970, ya je Tanzaniya ya ga zamanin shugabanta Nyerere, ya kafa majalisar 'yan asali ta duniya a 1975, ya kuma shirya jirgin ƙasan da ya kwashi jama'a zuwa Ottawa a 1980 don matsa lamba a sa haƙƙinsu cikin tsarin mulki, abin da ya tabbata a sashe na 35 a 1982. Ronald Ignace kuwa, wanda ya shugabanci Skeetchestn sama da shekara talatin, ya tashi a hannun kakannin da ke jin yaren, aka kai shi makarantar Kamloops, ya gudu daga cikinta. Shi da matarsa, masaniyar harshe Marianne Ignace, sun wallafa babban littafi a kan mutanen da ƙasarsu da dokokinsu a 2017. Makonni kaɗan bayan sanarwar kaburburan, aka naɗa shi kwamishinan harsunan 'yan asali na farko a tarihin Kanada.

Amma in za a tambaye ni inda aikin ya fara numfashi, zan nuna wasu iyaye mata a al'ummar Adams Lake ta Secwepemc. A 1987 suka ji abin da Maori, 'yan asalin New Zealand, ke yi: a tara jarirai da ƙananan yara wuri ɗaya da tsofaffi masu yaren, a hana Ingilishi shiga ɗakin. Suka kwaikwaya, ba tare da kuɗin kirki ba, wasunsu ma ba su iya yaren ba a lokacin. Da yaran suka isa shiga firamare, iyayen suka ƙi miƙa su ga makarantar da za ta goge abin da aka shuka, sai suka buɗe makarantar Chief Atahm a 1991, inda ake koyar da ajujuwan farko da Secwepemctsín zalla, har lissafi. Babu littattafai, su suka rubuta. Babu kalmomin wasu darussan, suka zauna da dattawa aka ƙirƙiro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma har yau wannan makaranta ce ake zuwa kallo daga sassan Kanada.

Ga manya akwai wata hanyar da Hukumar Al'adun Mutanen Farko ta lardin ke ɗaukar nauyi: a haɗa mai koyo ɗaya da dattijo ɗaya, su yi ɗaruruwan sa'o'i tare suna girki, suna tafiya, suna gyaran kifi, ba Ingilishi. Akwai kuma ƙamus da muryoyin dattawa a shafin FirstVoices na intanet.

Inda kawuna suka rabu

Secwepemc ba baki ɗaya suke magana ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Al'ummomi huɗu na arewa sun shiga tattaunawar yarjejeniyar zamani da gwamnati, suna ganin gara a samu ƙasa da iko a rubuce yanzu. Wasu, irin marigayi Arthur Manuel ɗan George, sun ce wannan sayar da gado ne da araha, yana yawan tunatarwa cewa filayen da aka keɓe wa 'yan asali kashi 0.2 cikin ɗari ne kacal na ƙasar Kanada. A kan bututun Trans Mountain ma haka: wasu zaɓaɓɓun majalisu sun karɓi yarjejeniyar amfana saboda ayyuka da kuɗin shiga, yayin da Kanahus Manuel da abokan gwagwarmayarta suka kafa ƙananan gidaje a hanyar bututun, suna cewa a dokar Secwepemc ƙasa ta kowa ce, majalisar da Dokar Indiyawa ta haifa ba ta da hurumin amincewa a madadin duka. Wannan gardama ta doka ce zalla, kuma ba kotun Kanada ce za ta warware musu ita ba.

Akwai masu fargabar cewa rubuta dokar baka zai daskarar da ita, ya miƙa ta hannun lauyoyi. Akwai gardamar karin harshen da za a koyar, na gabas ko na yamma. Daga waje kuma, manoma da masu gidaje na tambayar makomar takardun filayensu idan mallakar 'yan asali ta tabbata, tun ma bayan lardin ya karɓi ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali a cikin dokarsa a 2019. Tambaya ce ta gaske, ta cancanci amsa ba tsawa ba.

Bahaushe na iya jin duk wannan ya yi masa nisa, tunda harshensa na da masu magana miliyoyi. Amma a Bauchi da Gombe da Filato akwai ƙananan harsunan da jikoki suka daina ji, kuma wanda ya maye gurbinsu Hausa ce. Ba da bulala aka yi ba, kasuwa da aure da makaranta ne suka yi, sai dai abin da ke tafiya da harshen iri ɗaya ne: sunan kowane dutse da rafi, da sanin gonar wa ta tsaya a ina.

Abin da talaka zai gani a ƙasa

Ko wanda bai damu da harshe ba zai ji a jikinsa. Tsawon ƙarnuka Secwepemc na cinna ƙaramar wuta da gangan a lokacin da ƙasa ke da danshi, don rage busasshen ciyayi da ƙarfafa tsiron abinci. Hukumomin lardin suka hana tun 1874, daji ya cika da makamashi. A 2017 gobarar Elephant Hill ta cinye kusan hekta 190,000 a tsakiyar ƙasarsu, ta ƙona gidajen 'yan asali da na Turawa ba bambanci. Bayan ta mutu, al'ummomin Secwepemc da abin ya shafa suka zauna teburi ɗaya da jami'an lardi wajen tsara farfaɗo da dajin, kuma hukumar kashe gobara ta fara haɗa kai da 'yan asali ana dawo da waccan ƙonawar ta da. Sanin wane gangare ake ƙonawa, a wane wata, da wace iska, yana hannun tsofaffin nan da ba su kai ɗari biyu ba, kuma da Secwepemctsín suka koye shi.